Tambaya da Amsa: Haɗa Kundin Sunaye da Manhajar Sa Ido a Manyan Kamfanoni

Wasiƙun da suka iso wannan shafi a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato yadda za a haɗa kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu da manhajar da ke sa ido a kan lafiyar na'urori. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu tambayar da wuraren aikinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin masu kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, a wani babban kamfani mai rassa da yawa. Da Active Directory, wato kundin sunayen da muke amfani da shi, ma'aikatanmu ke shiga kwamfutocinsu, muna kuma da Zabbix da ke sa ido a kan sabobi da na'urorin sadarwa, amma kowanne zaman kansa yake yi. Duk injiniyan da aka ɗauka aiki sai an buɗe masa asusu daban a Zabbix, duk sabuwar saba kuma sai an shigar da ita da hannu. Shugaban sashenmu ya ce a haɗa su. Mene ne amfanin hakan, kuma daga ina ya kamata mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shugabanku yana da gaskiya, kuma hujjarsa tana cikin wasiƙarka. Duk inda aka ajiye jerin mutane iri ɗaya a wuri biyu, ko ba daɗe ko ba jima sai sun saɓa. Ranar da injiniya ya bar aiki za a rufe asusunsa na kundin, amma da wuya a tuna da wanda ke cikin manhajar sa ido, alhali ita ce ke ɗauke da taswirar kamfanin gaba ɗaya: sunan kowace saba, adireshinta, abin da ke gudana a kanta, da lokutan da take gazawa.

Ku fara da batun shiga, domin shi ne mafi sauƙi. Hanyar da manhajojin biyu za su yi magana da juna ita ce LDAP, ƙa'idar da ta samo asali a Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990 domin sauƙaƙa tsarin X.500 mai nauyi, wadda sigarta ta uku ta fito a 1997 kuma har yau da ita ake aiki. Active Directory, wanda ya zo tare da Windows 2000, yana amfani da ita, haka ma OpenLDAP da FreeIPA, saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa ya shafe su duka. Idan injiniya ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a shafin Zabbix, sai ta shiga kundin da wani ƙaramin asusu nata, ta nemo cikakken sunan mutumin, sannan ta gwada shiga da kalmar da ya rubuta, idan kundin ya amince ta buɗe masa. Ka lura da cewa wannan kalmar sirri, wadda ita ce ke buɗe kwamfutarsa da akwatin wasiƙunsa, tana ratsa waya daga saba zuwa saba. Idan aka bi ta ƙofa ta 389 ba tare da an kunna StartTLS, tsarin da ke rufe bayanin da ke tafiya a hanya, ba, a fili take tafiya, duk wanda ya yi kwanton ɓauna a hanyar zai iya karanta ta. Don haka ku bi ta ƙofa ta 636 ko ku tilasta StartTLS, kuma ku sa manhajar ta riƙa tantance takardar shaidar sabar da take magana da ita. Mutane da yawa kan kashe wannan tantancewa a ranar gwaji da niyyar gyarawa daga baya, sai abin ya zauna haka shekara da shekaru. Idan kuwa kamfaninku yana da shafin shiga na bai ɗaya mai aiki da SAML, ƙa'idar da ke isar wa manhaja shaidar cewa an riga an tantance mutum, ya fi LDAP dacewa a wannan gaɓa, domin kalmar sirrin ba za ta biyo ta manhajar sa ido ba sam, kuma za ku samu matakin tantancewa na biyu.

Izini kuma a ɗora shi a kan rukuni, kada a ɗora shi a kan sunan mutum. Ku buɗe rukunin masu kallo kawai, da rukunin masu iya sauya ƙa'idojin gargaɗi, da rukunin kowane sashe, a cikin kundin. Tun daga sigar 6.4, Zabbix tana iya buɗe wa mutum asusu da kanta a shigarsa ta farko, ta ba shi matsayi gwargwadon rukunin da yake ciki.

Ɗauko jerin na'urori daga kundin ya fi wannan wuya, kuma a nan ne nake ganin an fi yin gaggawa. Gaskiya ne duk kwamfutar da aka shigar cikin Active Directory tana da rajista a ciki, tare da sunanta da irin manhajar da ke tafiyar da ita da sashen da aka ajiye ta, har ana iya tsara cewa duk sabar da ta faɗo wani sashe a fara sa mata ido nan take. Sai dai kundin ba ya share matattu da kansa. Sabar da aka kashe shekaru uku da suka wuce tana nan zaune a ciki matuƙar ba wanda ya cire ta, kuma idan kuka kwashe jerin yadda yake, washegari za ku tarar da allonku cike da jan gargaɗi a kan na'urorin da babu su a duniya. Akwai alamomi biyu da ke taimakawa wajen tacewa. Kwamfuta mai rai tana sauya kalmar sirrinta ta kundin duk kwana 30, don haka wadda ta yi wata uku ba ta sauya ba abar tuhuma ce. Akwai kuma bayanin lastLogonTimestamp, mai nuna lokacin shiga na ƙarshe, amma a sani cewa da gangan aka bar shi yana jinkirin kwana 9 zuwa 14 domin rage zirga-zirgar kwafi tsakanin sabobi, bai dace a yanke hukuncin abin da ya faru jiya da shi ba. Wani tarkon shi ne Active Directory ba ya mayar da fiye da abu 1,000 a amsa guda sai an nemi sauran shafi bayan shafi, kuma ƙaramin shirin da bai kula da wannan ba zai ɗauki dubun farko ya bar sauran ba tare da kowa ya ankara ba.

Bayan haka, na'urorin rarraba sadarwa da katangar tsaro da yawancin sabobin Linux ba sa cikin kundin tun asali. A ganina, babbar ribar wannan haɗi ba ita ce hutar da hannu daga rubuta sunaye ba. Ribar ita ce rahoton saɓani da za a riƙa fitarwa kowane mako, mai nuna sabobin da ke cikin kundin amma ba a sa musu ido, da waɗanda ake sa wa ido amma kundin bai san su ba. Kowane layi na wannan rahoto tambaya ce da ya wajaba wani ya amsa.

Saura gargaɗin da ya fi duk abin da ya gabata nauyi. Da zarar shiga manhajar sa ido ya dogara da kundin, to ranar da kundin ya faɗi ba za ku iya buɗe allon da zai gaya muku abin da ya faɗi ba. Idan kuma wasiƙun gargaɗi suna bi ta sabar wasiƙun kamfani, wadda ita ma da kundin ta dogara, gargaɗin ba zai fita ba. A Active Directory abin ya ƙara sarƙewa, domin galibi sabobin kundin su ne kuma ke riƙe da DNS, tsarin da ke juya suna zuwa adireshi, saboda haka manhajar da ke neman na'urori da sunansu za ta makance gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan daidai yake da ajiye makulli na biyu a cikin ɗakin da kake tsoron ya kulle. Irin wannan sarƙaƙiya ba ƙananan wurare kaɗai take kamawa ba. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook ya ɗauke na kusan awa shida, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa rashin DNS ya karya yawancin kayan aikin cikin gida da injiniyoyinsa kan yi amfani da su wajen binciken matsala. Ba kundin sunaye ne ya jawo wancan ba, amma siffar matsalar ɗaya ce.

Saboda haka ku bar asusu ɗaya ko biyu na cikin manhajar kanta waɗanda ba su da alaƙa da kundin, da doguwar kalmar sirri a ajiye a wurin da za a iya isa ko da komai ya tsaya, a kuma tsara gargaɗi a duk lokacin da aka yi amfani da su. Ku ba manhajar sabar kundi fiye da ɗaya, ku sa ido a kan sabobin kundin da adireshinsu na lamba, ku samar wa gargaɗi mafi tsanani hanyar fita ta dabam, kamar saƙon waya. Sannan ku ajiye wata ƙaramar na'ura a wajen kamfanin wadda aikinta kawai jiran alamar rai daga manhajar sa ido, idan alamar ta yanke ta kira wanda ke bakin aiki. Kafin ku ce an gama aikin, ku yanke hanyar da ke tsakanin Zabbix da kundin da gangan a lokacin da aka amince, ku ga ko za ku iya shiga, ku ga ko gargaɗi zai iso.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Malam. Ni jami'ar tsaron bayanai ce. Waɗanda suka sayar mana da manhajar sa ido sun ce idan muna son ta ga komai, sai mu saka asusunta cikin rukunin Domain Admins, wato rukunin masu cikakken iko a kan kundin. Abokan aikina sun amince domin aiki ya yi sauri, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ko na tsananta ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki tsananta ba, kuma ina roƙon ki tsaya a kan bakanki. Manhajar sa ido tana taɓa kusan kowace na'ura a kamfani kowane 'yan mintuna, an buɗe mata hanya a katangar tsaro zuwa wuraren da aka hana kowa, kuma dole ta ajiye kalmar sirrin asusunta a yanayin da za ta iya warware ta, tunda da ita take aiki dare da rana. Idan wannan asusu yana cikin Domain Admins, duk wanda ya mallaki sabar sa ido ya mallaki kundin, wanda ya mallaki kundin kuwa ya mallaki kamfanin. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar kutse cikin sabar. Idan asusun yana da sunan hidima da aka yi wa rajista a Kerberos, tsarin da kundin ke tantance masu shiga da shi ta hanyar ba da tikiti, kowane ma'aikaci mai asusu na yau da kullum yana iya neman tikitin wannan hidima, ya tafi da shi wata kwamfuta, ya yi ta gwada kalmomi har ya dace, kuma kalmar da mutum ya zaɓa da kansa ba ta cika jure wannan ba.

Abin da ya faru da SolarWinds ya isa hujja. A Disamba 2020 aka gano cewa masu kutse sun cusa gurɓataccen shiri cikin sabuntawar Orion, wadda manhajar sa ido ce, kuma kamfanin ya ce abokan cinikinsa da za su kai 18,000 ne suka iya ɗora wannan sabuntawa. Waɗanda aka bi aka shiga cikinsu da gaske ba su kai haka ba ko kusa, amma akwai ma'aikatun gwamnatin Amurka a ciki, har da ta kuɗi da ta kasuwanci, kuma a wurare da dama masu kutsen sun zarce ne kai tsaye zuwa tsarin tantance masu shiga, suka riƙa ƙirƙirar shaidar SAML ta jabu. Ba a banza suka zaɓi irin wannan manhaja ba.

Abin da sa ido yake buƙata karatu ne, ba rubutu ba. Asusu na yau da kullum yana iya karanta mafi yawan kundin ba tare da ƙarin izini ba. Domin ma'aunin aikin saba da rajistar aukuwa, Windows yana da rukunonin da aka tanada, wato Performance Monitor Users da Event Log Readers. Inda manhajar ta yarda, a yi amfani da asusun hidima irin gMSA, wanda ya zo da Windows Server 2012, domin kundin ne da kansa ke ƙirƙira masa doguwar kalmar sirri yana sauya ta duk kwana 30, ba mutumin da ya san ta. A hana asusun shiga kwamfuta irin shigar mutum, a kuma taƙaita na'urorin da zai iya fitowa daga gare su. Akwai ƙofar baya guda da ake yawan mantawa: idan ƙaramin wakili, wato shirin manhajar sa ido da aka ɗora a kan sabar kundi, yana karɓar umarni daga nesa yana zartarwa da babban izini, to mai kula da manhajar sa ido ya zama mai kula da kundin ko da sunansa ba ya cikin kowane rukuni. A kashe wannan dama a kan sabobin kundi. A ɓangaren na'urorin sadarwa kuma, siga ta ɗaya da ta biyu na SNMP, ƙa'idar da ake tambayar lafiyarsu da ita, a fili suke aika kalmar shigarsu, siga ta uku ce ke tantancewa tana rufe bayani.

Idan masu sayarwar suka dage, ki nemi su rubuto ainihin abin da manhajar ke son karantawa ɗaya bayan ɗaya, sai a ba ta izinin waɗannan kawai. Kuma ki sa a tsara gargaɗi a kan aukuwa mai lamba 4728 da 4732 da 4756 idan sun shafi manyan rukunoni, domin su ne ke nuna an ƙara wani cikin rukunin tsaro, da kuma 1102, wadda ke nuna an goge rajistar tsaron kanta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Sau da dama allonmu yana nuna komai kore, amma ma'aikatan wani reshe suna kira cewa sun kasa shiga, musamman sababbin ɗauka. Me muke kasa gani?

AMSA: Barka kadai, Malam. Allonku yana auna ko saba tana amsa kira, da yawan aikin da ke kanta, da sararin da ya rage a faifanta. Duk waɗannan suna iya zama lafiya alhali hidimar da ake buƙata ta tsaya. Gwajin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ajiye ƙaramin wakili a cikin reshen kansa, yana gwada shiga da wani asusun gwaji marar izini kowane 'yan mintuna, yana auna tsawon lokacin da amsa ke ɗauka daga kowace sabar kundi daban.

Tunda ka ambaci sababbin ɗauka, zargina ya fi karkata ga kwafi tsakanin sabobin kundin. A cikin wuri guda, sauyi kan fara isa ga sauran sabobi bayan kimanin daƙiƙa 15, amma tsakanin wurare masu nisa tsarin asali minti 180 ne, ana iya rage shi zuwa 15. Asusun da aka buɗe a hedikwata da safe yana iya jiran awa uku kafin sabar reshe ta san da shi, idan kwafin ya karye kuwa ba za ta taɓa sani ba. Umarnin repadmin da dcdiag suna nuna wannan, kuma ya kamata sakamakonsu ya riƙa shiga manhajar sa ido da kansa, a auna tsawon lokacin da ya wuce tun kwafi na ƙarshe da ya yi nasara. Masu OpenLDAP su kwatanta ƙimar contextCSN, mai nuna sauyi na ƙarshe da saba ta karɓa, a tsakanin sabobinsu. Barin wannan matsala yana da iyaka mai tsanani, domin sabar da ta yanke daga 'yan'uwanta fiye da wa'adin ajiye alamar abubuwan da aka goge, wanda kwana 180 ne a yawancin tsare-tsare kuma 60 a wasu tsofaffi, ba za a ƙara yarda ta yi kwafi da su ba, galibi sai an rushe ta an sake gina ta.

Agogo shi ne abu na biyu da zan duba. Kerberos, wanda aka ƙirƙira a cibiyar MIT a shekarun 1980, yana ƙin tikiti idan bambancin agogo ya wuce minti biyar a tsarin asali. Ku sa gargaɗi tun bambancin yana minti ɗaya, ku kuma tabbatar sabar kundin da ke riƙe da matsayin PDC, wato jagorar agogo, tana ɗaukar lokaci daga majiya amintacciya, tunda daga gare ta sauran ke daidaita nasu. Sai a duba ko an yi wa jerin adireshin reshen rajista a ƙarƙashin wurin da ya dace, domin idan ba a yi ba kwamfutocinsa suna iya tsallake sabar da ke kusa su tafi neman wadda ke wata ƙasa. Ranar ƙarewar takardar shaidar LDAPS, wato LDAP mai bi ta ƙofa ta 636, ma a sa mata ido tun da saura wata guda.

Zan ƙara ma'auni ɗaya da ba ka tambaya ba, wato shekarun kwafin ajiya na ƙarshe da ke ware daga hanyar sadarwa. Yawan sabobin kundi yana kare kamfani daga lalacewar guda ɗaya, amma ba ya kare shi daga abin da ya ci su duka a lokaci guda. A Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, kuma shugabansa ya ce sai da suka sake gina sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000. An ruwaito cewa sabobin kundinsa sun tafi gaba ɗaya in ban da guda a wani ofishinsa na Yammacin Afirka, wadda ta tsira saboda wutar lantarki ta ɗauke a lokacin harin, kuma daga gare ta aka farfaɗo da sauran. Kwafin ajiyar da ya girmi wa'adin nan na kwana 180 shi ma ba ya maiduwa yadda ya kamata, don haka lambar kwanakinsa ta cancanci wuri a kan allonku.

TAMBAYA: Malam, tun da muka fara tura rajistar tsaro ta sabobin kundi zuwa manhajar sa ido, saƙonnin kuskuren kalmar sirri sun cika mana waya har mun daina karantawa. Mu kashe su ne?

AMSA: Ku daina aika su waya, Malam, amma ku ci gaba da tara su. Aukuwa mai lamba 4625 ko 4771 guda ɗaya ba ta nufin komai, domin mutane suna kuskuren rubutu kullum. Abin da ya cancanci tashin mutum daga barci shi ne tsari, misali na'ura guda tana gwada asusai masu yawa cikin ɗan lokaci, wanda alama ce ta mai gwada kalma ɗaya a kan kowa domin ya kauce wa kullewar asusu, ko kuma kuskure a kan asusun da ke cikin manyan rukunoni. Kullewar asusu, mai lamba 4740, tana zuwa da sunan na'urar da ta jawo ta, kuma sau da yawa za ku tarar tsohuwar kalmar sirri ce da ta maƙale a wayar mutum ko a wata hidima da aka manta, wannan kuwa aikin teburin taimako ne da rana. Kundin da kansa zai taimaka muku wajen rabon saƙonnin: ku cike gurbin managedBy na kowace saba da rukunin da ke da alhakinta, sai manhajar ta karanta shi ta aika gargaɗin ga wannan rukuni kaɗai. Sabar da aka samu gurbinta babu kowa a ciki kuma a saka ta cikin rahoton mako har sai an samo mai ita.